Kafin Waya Ta Yi Ƙara: Yadda Kira Ke Neman Hanya a Cikin Kamfani

A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Mutanen Gusau da Tsafe suka riƙa shigo mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi. Ba a jima ba abin ya iso gida: gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta sa aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ɗandume da Faskari da Sabuwa. Sai wajen watan Disamba aka fara maido da shi. Ku lura da lokacin: daidai kaka, ana kwasar masara da waken suya, auduga na shirin shigowa, dillalai na neman motoci. Manajan da ke ofis ba ya iya kiran mai gadin sito, ko da kuwa katanga ɗaya ce ta raba su. Sai dai ya aiki yaro.

To ga tambayar da ya kamata ɗalibin injiniyan lantarki ko na kwamfuta ya yi wa kansa. Me ya sa mutum biyu da ke harabar kamfani ɗaya sai sun bi ta ƙarfen sabis na wani kamfani kafin su ji muryar juna? Amsa ita ce ba dole ba ne. Akwai fanni guda na ilimi a kan wannan, shi ne tsarin wayar cikin ma'aikata, kuma zuciyarsa ita ce yadda ake zaɓar wa kira hanya. Shi nake so mu warware, da misalan da ke gabanmu.

Ɗan kamashon kira

Mu fara daga tasha. Funtuwa mahaɗa ce: ga hanyar Zariya, ga ta Gusau, ga wadda ta bi Bakori da Malumfashi zuwa Yashe, ga ta Birnin Gwari. Fasinja ya shigo tasha, ba ya buƙatar sanin wace mota ce a kan layi. Yana faɗar inda za shi, ɗan kamasho ya nuna masa mota. In ta cika ya ce ga ta bayanta. In an ce hanya ba kyau ya ce a zagaya. In kuma fasinjan unguwar da ke bayan tasha za shi, sai ya ce masa, Malam ai ba ka buƙatar mota, taka da ƙafa.

Aikin na'urar da ake kira PBX ke nan. Ita ce ƙaramin gidan waya na kamfani shi kaɗai. Kowane tebur yana da gajeriyar lambar ciki, a ce 101 manaja, 102 akanta, 110 bakin ƙofa. In 101 ya kira 110, kiran ba ya fita daga gidan, ba a cirar kuɗin kati, ba ruwansa da ko akwai sabis a gari. In kuma ana son kiran waje, na'urar ce ke duba lambar ta zaɓi ƙofar da za a fita.

A da mutum ne ke wannan aiki, yana zaune gaban allo yana soka kebul nan yana zare can. Ana ba da labarin wani mai sana'ar shirya gawa a Amurka, Almon Strowger, wanda aka ce ya zargi masu haɗa waya da karkatar masa da kwastomomi zuwa ga abokin hamayyarsa. Haushin haka ya sa ya ƙera na'urar da ke haɗa kira da kanta, ya samu rajistarta a 1891. Ko labarin zargin ya inganta ko an ƙara masa gishiri, ya nuna abu ɗaya: wanda ke riƙe da hanyar kira yana riƙe da cinikin mutane. A ƙasar nan iyayenmu sun san zamanin NITEL, da lambobin gari irin su 065 na Katsina da 064 na Kano da 062 na Kaduna, lokacin da layukan ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Da GSM ya zo a 2001 sai muka tsallake wayar tebur gaba ɗaya, muka faɗa wayar aljihu. An ci riba, ba musu. Amma mun tsallake wani darasi a hanya, shi ya sa za ka ga babban kamfani a garinmu lambarsa ta hukuma tana aljihun mutum ɗaya. In ya tafi Umara, kamfanin ya tafi Umara. In ya bar aiki, ya tafi da kwastomomi a cikin siminsa.

PBX na yau ba katon akwati ba ne. Manhaja ce a cikin kwamfuta, murya kuma tana bin kebul ɗin da intanet ke bi. In aka haɗa kiran murya da bidiyo da saƙon rubutu da saƙon murya da alamar da ke nuna ko mutum yana kan kujerarsa, duk a manhaja ɗaya da lamba ɗaya, shi ake nufi da haɗaɗɗen tsarin sadarwa. Manyan sunaye a nan su ne Cisco Unified Communications Manager da Microsoft Teams da Avaya. Akwai kuma na kyauta, Asterisk, wanda Mark Spencer ya rubuta a 1999 saboda ba shi da kuɗin sayen PBX wa ƙaramin kamfaninsa. Wannan na ƙarshe shi ne abokin ɗalibi.

Dillali daban, kaya daban

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne kira kashi biyu ne. Akwai sallama da ciniki, akwai ɗaukar kaya. Sallamar ita ce aikin SIP, ƙa'idar da aka daidaita a 2002 a takardar RFC 3261. Wayarka ta aika gayyata, ɗayar ta amsa da 180, wato tana ƙara, in an ɗauka ta turo 200, wato an yarda. In mutum yana kan wani kiran 486 za ta dawo, in babu lambar 404, irin dai wadda kuke gani a shafin intanet. SIP dillali ne kawai, ba ya ɗaukar buhu. Muryar kanta wata ƙa'ida ce ke ɗaukar ta, RTP, wadda ke yanka magana ƙulli-ƙulli, galibi ƙulli 50 a kowace daƙiƙa.

Amfanin sanin wannan zai zo muku ranar da aka ce waya tana ƙara, ana ɗauka, amma ɓangare ɗaya ba ya jin ɗaya. Wanda bai sani ba zai kama canja waya. Wanda ya sani zai ce dillali ya wuce, kaya ne aka tare a shinge, sai ya nufi saitin rauta da katangar tsaro kai tsaye.

Inda ainihin aikin yake

A ce akwai wani kamfanin hatsi da takin zamani. Babban ofis a Funtuwa, reshe a Malumfashi, sito a Ɗandume kusa da kasuwa. An kira ki, ke da kika gama HND, an ce ki haɗa musu waya. Sayen kaya ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce rubuta tsarin lambobi da dokokin hanya, kuma takarda da biro ake fara yi da su, ba kwamfuta ba.

Da farko a raba lambobi yadda kowa zai gane gari daga lambar farko: 1 da lambobi biyu Funtuwa, 2 da lambobi biyu Malumfashi, 3 Ɗandume. A Asterisk ana rubuta shi kamar haka, _2XX, ma'ana duk lamba uku da ta fara da 2 a tura ta Malumfashi. Sai a ware 9 don fita waje. Ma'aikaci ya danna 9 sannan 0803 da sauran lambobin. Na'urar ta cire 9 ɗin, domin ita alama ce ta cikin gida, ba wanda ya san ta a waje. Wani kamfanin layin ma zai ce a cire sifilin farko a sa +234, bisa tsarin lambobin duniya na E.164, wanda bai yarda lamba ta wuce 15 ba. Kuskure kaɗan a wannan cire-da-sawa shi ke sa a wuni ana cewa lamba ba ta shiga. In lamba ta dace da doka fiye da ɗaya, wadda ta fi kusa da ita daidai ake bi, ba wadda ta fi faɗi ba.

Sai batun ƙofofi. Kamfanin yana iya samun uku. Ta farko layin SIP daga kamfanin sadarwa mai lasisi, wanda ke bi ta intanet ko ta kebul na musamman, yana ɗaukar kira da yawa a lokaci ɗaya a kan lamba ɗaya. Ta biyu akwatin da ake jera wa simuka huɗu ko takwas, yana maida kiran cikin gida ya zama kiran GSM. Ta uku hanyar kamfanin ta kansa tsakanin rassa, ko dai ta rami mai tsaro a cikin intanet, ko ta eriyar rediyo da ke kallon juna in nisa da tudu sun bari. Aikinki ki jera su: kiran Malumfashi ya fara gwada hanyar gida, in ta mutu ya bi ta sim ya kira layin reshen, ba tare da mai kiran ya san an sauya mota ba. Cisco na kiran wannan jerin hanyoyi da rukunin hanyoyi, FreePBX na kiransa jerin layukan fita. Suna ne ya bambanta, dabarar ɗaya ce.

A nan akwai wani tarko da ya shafi Najeriya musamman. Littattafai za su koya muku zaɓen hanya mafi araha: in lamba ta fara da 0803 a fitar da ita ta simin MTN, 0805 ta Glo, 0802 ta Airtel. A da wannan daidai ne. Amma tun watan Afrilun 2013 da hukumar NCC ta ba da damar mutum ya koma wani layi da lambarsa, farkon lamba ya daina zama shaida. Mai 0803 yana iya zama ɗan Airtel yau. Ƙari a kan haka, yawancin tsare-tsaren kira yanzu kuɗinsu ɗaya ne zuwa kowane layi. Ni a ganina wanda ya ɓata sati yana rubuta dokokin araha bisa farkon lamba ya yi aikin baban giwa. Gara ya jera simukan bisa wanda ya fi ƙarfin sabis a wurin, domin layin da ke da kyau a tsakiyar Funtuwa ba lallai ya yi kyau a bayan kasuwar Ɗandume ba. Wannan kuwa ba a karanta shi a littafi, sai an je an tsaya a gwada.

Doka ta gaba ita ce wa aka yarda ya kira ina. Wayar bakin ƙofa ta kira cikin gida kawai. Ta akanta ta kira ko'ina a ƙasa. Ta mai kamfani kaɗai ke fita ƙasar waje, don yana magana da masu kawo taki. Amma lamba ɗaya ba a kulle wa kowa ita, ko da 9 ko babu 9: 112, lambar gaggawa ta ƙasa. Mai gadi da dare shi ya fi kowa buƙatarta.

Kira mai shigowa kuma shi ne fuskar kamfani. Manomi daga Ƙafur ya kira yana tambayar ko taki ya iso. Ina kiran zai faɗa? Za a iya sa wayoyi uku su yi ƙara tare, ko ɗaya bayan ɗaya, ko a fara da wanda ya fi daɗewa bai amsa ba. In duk suna kan layi a sa shi a jira. Za a iya bin agogo: bayan ƙarfe 6 na yamma kira ya tafi wayar mai tsaron dare, ranar Juma'a daga ƙarfe 1 zuwa 3 a sa sanarwa cewa an tafi masallaci. Ranar kasuwa a ƙara mutum biyu a rukunin masu amsawa. Ana iya sa muryar nan mai cewa danna 1, danna 2. Sai dai ina roƙonku, in za ku sa ta, ku ɗauki murya da Hausa mai daɗin ji, zaɓi kada ya wuce uku, kuma a bar ƙofar da mutum zai samu ɗan Adam ba tare da ya danna komai ba. Dattijon da ya ari waya a gona yana ƙirga katinsa ba zai tsaya sauraron zaɓi tara da Turancin injin ba. Kashewa zai yi ya kira wani dillalin.

Layi nawa ya isa?

Wannan lissafi ne, ba hasashe ba. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, A. K. Erlang, ya fitar da ƙa'idarsa a 1917 yana aiki da kamfanin wayar Kopenhagen, har aka sa wa ma'aunin cunkoson kira sunansa. A ce a awa mafi zafi ta ranar kasuwa kira 60 ke shigowa, kowanne minti 3. Minti 180 ke nan a cikin minti 60, wato erlang 3. Mai gaggawa zai ce to layi 3 sun isa. Ba su isa ba, domin mutane ba sa kira bi da bi kamar layin awo. Ƙa'idar ta nuna da layi 3 kusan kira 35 cikin 100 za su tarar da hanya a cike. Da layi 5 ya sauko 11. Da 6 ya koma 5. Sai an kai 8 kafin ya faɗi ƙasa da 1 cikin 100. Ku gwada da kalkuleta, ba wuya.

Data kuma fa? Ya danganta da kodek, wato hanyar matse murya. G.711 ba ya matsewa sosai, kilobit 64 a daƙiƙa, in an haɗa da ambulan ɗin da ake naɗe kowane ƙulli ya kai wajen 87 a kan kebul. G.729 kilobit 8 ne, da ambulan wajen 31. Kun ga a nan ambulan ya fi wasiƙa nauyi. Kira takwas a G.711 ba su kai megabit ɗaya ba. Saboda haka murya ba ta cin data, abin da ba ta yafewa shi ne jinkiri. Shawarar hukumar sadarwa ta duniya, G.114, ita ce kada tafiyar murya daga baki zuwa kunne ta wuce milisakan 150. Tsohon intanet na tauraron da ke nisan kilomita kusan 36,000 yana cin wajen 250 a hawa da sauka kaɗai, shi ya sa ake cin karo da baki, kai ka fara shi ya fara. In kuma ƙulle-ƙullen suna zuwa a hargitse, wani da wuri wani a makare, sai murya ta riƙa tsinkewa. Maganinsa a gaya wa rauta ta ba murya gaba. In ba haka ba, yaron ofis na sauke fim, manaja na ciniki da Dawanau, fim ɗin ne zai ci.

A gajimare ko a cikin ɗaki?

Yanzu mu koma kan abin da ya faru a 2021, domin nan ne ra'ayina ya saɓa da tallan da kuke gani. Duniya ta karkata zuwa ajiye PBX a kwamfutocin wani kamfani can nesa, kai dai ka biya kuɗin wata. Teams haka yake aiki: ƙwaƙwalwar tana hannun Microsoft, in kana son haɗa shi da layin ƙasarka sai ka sa wata na'urar kan iyaka da ake kira SBC. Ga banki mai kebul ɗin fayiba biyu a Legas ko Abuja, wannan daidai ne. Amma a ce ƙwaƙwalwar tana Turai, intanet ɗinka kuwa na sim ne, aka rufe sabis ko aka sare fayiba wajen aikin titi. To 101 ba zai iya kiran 110 ba, alhali suna hango juna ta taga. Haka tsarin CUG da ma'aikatu da yawa ke amfani da shi, inda ake biyan kuɗin wata ma'aikata su kira juna kyauta. Yana da sauƙi, yana da araha, amma a kan ƙarfen sabis yake tsaye. Ƙarfe ya yi shiru, shi ma ya yi.

Manyan kamfanonin sun san da wannan rauni. Cisco na da SRST, inda rautar reshe ke karɓar ragamar kira in an rabu da hedikwata. Microsoft ma na da na'urar da ke riƙe reshe in intanet ya yanke. Wato su kansu sun yarda dole a bar ɗan kamasho a tashar gida. A yankinmu ni zan juya lissafin ne: ƙwaƙwalwa ta zauna a cikin ɗaki, gajimare ya zama ƙari. Asibiti mai ɗakin haihuwa da ɗakin magani da ɗakin gwaji, ko masana'antar gurzar auduga mai sikeli a ƙofa da ofis a ciki, ko makaranta irin tamu mai sassa da ɗakunan kwana, duk yawancin kiransu na cikin gida ne. PBX na gida ba zai ba ka kiran Kano ranar da aka rufe sabis ba, kuma ba hanyar kauce wa dokar tsaro ba ce. Amma nas za ta kira likita daga wancan ginin.

Wuta ita ce sauran magana. Wayoyin tebur na zamani suna shan wuta ta kebul ɗin data, abin da ake kira PoE, mafi yawansu watt kaɗan ne. Ma'ana in ka ɗora suwic ɗin da ƙaramar kwamfutar a kan inbata da sola, duk wayoyin gidan sun tsira daga ɗauke wuta a wuri ɗaya.

Gargaɗi biyu kafin wani ya ruga. Na ɗaya, PBX da aka buɗe wa intanet ba tsaro kamar sito ne da aka bari ba kwaɗo. Akwai masu yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 5060, wadda SIP ke amfani da ita. In suka tarar lambar ciki 101 kalmar sirrinta 101, sai su kwana suna kiran lambobin ƙasashen waje masu tsada da kuɗin kamfani, galibi a ƙarshen mako da ba kowa a ofis. A sa kalmar sirri mai ƙarfi, a rufe kiran ƙasar waje ga wanda ba ya buƙata, a sa iyakar kuɗi. Na biyu, akwatin simuka don kiran kamfaninka abu ne daban da karɓo kiran ƙasashen waje ta intanet kana sauke su kamar kiran gida don ka ci bambancin kuɗi. Wannan na biyun NCC ta haramta shi, ana kama mutane a kansa. In wani ya zo maka da wannan harka yana cewa akwai dala a ciki, ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ka wuce.

Ga 'yan ND 2 da HND 2 masu neman abin da za su yi furojet a kai, kayan gwajin ba su fi ƙarfin rukuni na mutum huɗu ba. Tsohuwar laftof ko Raspberry Pi, a sa mata Asterisk ko FreePBX. Rauta ɗaya mai wayfai, ba sai da data a ciki ba. Kowa ya sauke Zoiper ko Linphone a wayarsa, a ba shi lambar ciki. Ku rubuta dokoki na gari biyu, ku sa rukunin amsa kira, ku ɗauki sanarwa da muryar ɗaya daga cikinku. Ku buɗe Wireshark ku kalli gayyata da 180 da 200 suna wucewa da idonku. Ranar kare furojet, kowa ya cire siminsa ya ajiye a kan tebur gaban malamai, sannan 101 ya kira 201. In an samu laftof ta biyu a matsayin Malumfashi, a zare kebul ɗin da ke tsakaninsu ana cikin gwaji, a sake bugawa, a nuna wa malamai ta wace ƙofa kiran ya bi.